Kafin a taɓa ƙwaƙwalwar injin fowil: kira ga masu motocin aiki a Kebbi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wani abu da ya fara yaɗuwa a tsakanin masu motocin fowil, masu ja da taya huɗu, a nan jihar Kebbi, wato abin da samari ke kira rimaf, sauya lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwar inji domin mota ta ƙara ƙarfi. Ni manomin shinkafa ne a Argungu, kuma shekara da shekaru ke nan ina shiga fadama da Hilux rani da damina, in kai taki da man injin ban-ruwa, in fito da shanshera zuwa kasuwa. Na taɓa ba da motata an yi mata wannan aiki, na ga amfaninsa, na kuma sha wuyarsa, shi ya sa duk lokacin da na ji wani yana cewa zai kai tasa a ɗaga mata doki (ma'aunin ƙarfin inji) hankalina ba ya kwanciya sai na zaunar da shi mun yi magana. Yanzu masu tambayar sun fi ƙarfin zaman majalisa ɗaya, sai na ga ya dace in rubuto.

Ga wanda bai sani ba, motocin gas na zamani ba irin na da ba ne, lokacin da bakanike kan ɗauki sufana ya murɗa sukurun famfo idan ana son gingimari ta ƙara ja. A yau akwai wata 'yar na'ura da kanikawa ke kira birenbos, ita ce ke yanke yawan man da nozul, wato bakin da ke watsa mai cikin inji, zai fesa, da lokacin da zai fesa shi, da ƙarfin matsin man, wanda a waɗannan injuna yakan wuce 1,500 a ma'aunin matsi na bar, da kuma yawan iskar da turbo, na'urar cusa iska cikin inji, zai tura. Duk wannan lissafi ne da kamfani ya rubuta ya zuba a ciki. Mai rimaf yana jona kwamfutarsa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ko ya ciro birenbos ɗin ya buɗe, ya kwafi lissafin kamfani, ya canja lambobin, ya mayar. Babu ƙarfe ko ɗaya da aka sauya a jikin injin, amma daga ranar za a riƙa sa shi aikin da ya fi wanda aka saba sa shi. Wanda ke shakkar cewa rubutun kwamfuta kaɗai zai iya canja halin inji, ya tuna abin da ya fito fili a watan Satumba na 2015, lokacin da hukumomin Amurka suka gano cewa kamfanin Volkswagen ya tsara motocinsa na gas su riƙa rage gurɓataccen hayaƙi a lokacin gwaji kawai, kuma kamfanin da kansa ya amsa cewa abin ya shafi motoci kusan miliyan 11.

Masu tallar wannan aiki suna da wata magana da suke yawan maimaitawa, cewa kamfani ya ɓoye ƙarfin injin da gangan, su kuwa sako shi kawai suke yi. Akwai gaskiya a ciki, domin lallai kamfani yakan bar rara. Abin da ba sa faɗa shi ne dalilin barin rarar. Motar da za a sayar a Ingila da Saudiyya da Ostareliya da Nijeriya dole ta jure sanyi da zafi, da mai mai kyau da maras kyau, da direban da ke juyen baƙin mai a kan lokaci da wanda sai ya tuna. Rarar nan ita ce abin da aka ajiye domin ranar wahala, kuma mu a Kebbi kusan kullum a ranar wahalar muke. Bature mai tafiya a kan kwalta cikin sanyi, da mai mai tsabta a tanki, bai taɓa tasa rarar ba, don haka yana iya cin wani abu daga ciki ya kwana lafiya. Mu kuwa zafi da ƙura da lodi sun riga sun cinye rabin tamu tun kafin mai kwamfuta ya iso.

A duba zafi tukuna. Daga watan Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a Birnin Kebbi da Argungu da Kamba yakan haura digiri 40, kuma iska mai zafi ba ta da kauri kamar mai sanyi. Idan aka kwatanta iskar digiri 43 da ta digiri 15, za a tarar ta ragu da kusan kashi 9 cikin ɗari, ma'ana injin yana shaƙar abin ƙona mai kaɗan, lagireto kuma yana fama ya huce da iskar da ita kanta ta gasu. A irin wannan yanayi ne za a zuba lissafin da aka gwada a ƙasar da ake sa rigar sanyi, wanda ke ƙara mai a kan abin da kamfani ya yanke. A injin gas, ƙarin man da bai sami isasshiyar iska ba yana zama baƙin hayaƙi da zafi mai tsanani a kan fistin da turbo. Fistin ɗin waɗannan motoci na alminiyom ne, wanda ke narkewa a digiri 660, kuma abin da ke tsare shi shi ne baƙin man da ke fesa shi daga ƙasa da kuma iskar da ke shigowa a kowane zagaye. Shi ya sa masu sanin aikin ba sa son zafin hayaƙin da ke fita ya daɗe a sama da digiri 700. Babban haɗarin shi ne allurar zafi da direba ke kallo a gabansa zafin ruwa take nunawa, ba zafin hayaƙi ba, don haka fistin na iya tsagewa allurar tana zaune a tsakiya.

Sai batun mai. Turai ta tsayar da sinadarin sulfa a man gas a kan kashi 10 cikin miliyan tun 2009, alhali har zuwa 2016 ƙa'idar Nijeriya ta yarda da 3,000. A 2020 ƙasashen ECOWAS sun amince a sauko zuwa 50, kuma matatar Dangote ta fara fitar da gas a 2024, to amma duk wanda ke aiki a ƙauyukan Suru ko Bagudo ko Augie ya san cewa ba kullum ake samun gidan mai a kusa ba. Sau da yawa a wurin 'yan bumburutu ake sha, daga jarkar da ba a san abin da ta ɗauka jiya ba, wani lokaci da ruwa a gindinta, wani lokaci an surka da kalanzir. Nozul ɗin da ke aiki da matsi mai yawa haka ba ya son ko ɗigon ruwa, kuma idan ya fara zubar da mai maimakon fesawa, rimaf ƙara wa wutar itace kawai yake yi. Ƙurar hunturu kuwa ba sai na yi dogon bayani ba, kowa ya buɗe iyakilinarsa, matatar iskar inji, a watan Janairu ya gani.

Abin da ya same ni ke nan. Motata mai injin 1KD ce, lita uku, giyar hannu, wadda daga kamfani take da doki 171 da ƙarfin murɗa 343 a ma'aunin Nm. Wani yaro mai kwamfuta ya zo garin, aka yaba mini shi, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba ya gama, kuma gaskiya da na taka totur na ji bambanci nan take. Bai duba nozul ba, bai tambaye ni irin lodin da nake ɗauka ba, ni ma ban tambaye shi komai ba, domin ban san abin tambaya ba. Bayan 'yan makonni, ina hawowa daga fadama da buhunan shanshera a tsakiyar zafin Afrilu, sai na ji injin yana kuka motar ba ta gaba: kuloci ya fara zamewa. Na canja shi, sai kuma baƙin hayaƙi ya ƙaru, ruwa ya fara raguwa a lagireto. Da na nemi a mayar mini da lissafin kamfani, sai ya bayyana cewa yaron bai ajiye na asalin ba, ya rubuta nasa a kai kawai. Ƙarshenta sai da na sayi wani birenbos na hannu, aka sake haɗa shi da makullaina, motar ta yi kwanaki a gareji a daidai lokacin da ake girbin rani, ina biyan haya ana kwaso mini amfanin gona. Araha ba ta ado, kuma laifin nawa ne daidai da nasa.

Duk da haka ba ina cewa aikin haramun ne ko kuwa duk mai yin sa macuci ne ba. Daga baya na sami wani wanda ya san sana'arsa, kuma yadda ya yi da ni shi ne ma'aunin da nake ba mutane. Kafin ya taɓa komai sai da ya jona na'urarsa ya karanta yadda kowane nozul ke gyara kansa, ya gwada matsin kowace silinda, ya duba turbo da bututun iska ko akwai yoyo, ya leƙa lagireto. Ya tarar an cire mini tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, tun da daɗewa, kamar yadda kanikawanmu suka saba yi da sunan maganin zafi, ya ce sai an mayar, domin injin da ba ya kai zafinsa na aiki birenbos ba ya ba shi lissafin da ya dace. Ya ce nozul biyu sun gaji, kuma ba zai yi aikin ba sai an canja su, ko da zan tafi wurin wani. Mutumin da zai iya ƙin karɓar kuɗinka saboda motarka ba ta shirya ba, shi ne wanda ya cancanci ka miƙa masa makulli. Sa'annan ya kwafi lissafin asali ya ba ni a hannuna, ya jona batir da caja kafin ya fara rubutu, domin idan wuta ta yi ƙasa ana tsakiyar aikin birenbos na iya mutuwa gaba ɗaya. Ƙarin da ya yi kaɗan ne, a ƙananan juyin inji inda mai lodi ke buƙata, ya bar duk iyakokin kariya na kamfani yadda suke, ya sa mini agogon da ke nuna zafin hayaƙi, muka loda buhuna muka hau hanya yana kallon kwamfutarsa. Da wannan lissafin nake aiki har yau.

Akwai hujjar da nake so masu neman babbar lamba su yi tunani a kanta, kuma daga kamfanin Toyota kansa ta fito. Da aka kawo injin 1GD mai lita 2.8 a Hilux ta 2015, yana ba da doki 177. A 2020 kamfanin ya ɗaga shi zuwa doki 204 da ƙarfin murɗa 500, amma ba da rubutun kwamfuta kaɗai ya yi ba, sai da ya sa turbo mafi girma ya kuma gyara hanyar sanyaya injin. Abin lura kuma, wannan 500 ɗin a mai giyar otomatik ne, mai giyar hannu an bar ta a 420. Injiniyoyin da suka ƙera motar, masu ɗakunan gwaji da kuɗi da lokaci, sun ga dalilin da ya sa ba za su ɗora wa kuloci da giyabos na hannu wannan nauyin ba. Haka ma injin 2KD mai lita biyu da rabi ya fito a doki 102 da 120 da 144, kuma bambancin ya haɗa da na'urar sanyaya iskar turbo da irin turbon kansa. Saboda haka idan wani ya ce zai mayar maka da mai 102 ta zama mai 144 yana zaune a kujerar direba, ka tambaye shi ina ƙarafan da kamfani ya ƙara kafin ya kai can.

Wasu ma kuɗinsu kawai ake ci, domin injinsu ba na wannan aiki ba ne. Yawancin Hilux da gwamnati da ƙungiyoyi ke saya a ƙasar nan masu fetur ne, injin 2TR mai lita 2.7, wanda ba shi da turbo, kuma injin da ba shi da turbo iskar da ya iya zuƙa da kansa ita ce iyakarsa, abin da za a ƙara masa ɗan kaɗan ne da da wuya direba ya ji a jikinsa. Land Cruiser mai injin 1HZ kuwa, wadda ake ji da ita a daji tun 1990, famfonta na ƙarfe ne, babu lissafin da za a sauya. Sai kuma 'yan akwatunan da ake sayarwa a jona a waya. Wani iri yana yaudarar birenbos ne, ya gaya masa matsin mai ya yi ƙasa domin ya ƙara, abin da ke gajiyar da famfo da nozul ba tare da an ƙara iska ba. Wani irin kuma a totur ake jona shi, ba ya ƙara doki ko ɗaya, yana sa motar zabura ne da an ɗan taɓa, wanda a cikin laka ko yashi illa ce, domin a can ana son ƙafa mai taushi.

Maganar rage shan mai ita ce ta fi jan mutane yanzu, ganin yadda tsadar mai ta kai, kuma a nan ma ina roƙon a yi hattara. Gyara mai kyau na iya rage sha kaɗan idan direba bai canja ƙafarsa ba, tunda motar za ta ja a babbar giya ba sai an yi ta saukowa ba. Amma lambar da mota ke nunawa a gaban direba lissafin birenbos ce, kuma da zarar an taɓa shi ko an yaudare shi, lambar ba abin dogaro ba ce. Hanya ɗaya ce ta sanin gaskiya: a cika tanki, a rubuta maleji, a yi aikin da aka saba, a sake cikawa, a raba, kuma a yi haka sau da yawa kafin aikin da bayansa. A abin da na gani, mutum da ya ji motarsa ta ƙara ƙarfi takawa yake yi, ribar ta tafi a nan.

Ina so in ɗan tsaya a kan hayaƙi, domin ba mai motar kaɗai ya shafa ba. Motocin da ake shigowa da su na hannu daga Turai suna zuwa da matatar toka a salansa da kuma bawul ɗin da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, kuma na san yadda manmu da gajerun tafiye-tafiye ke toshe su har mota ta ƙi gudu. Na fahimci wanda ya gaji ya ce a kashe su. Sai dai akwai bambanci tsakanin wanda lalura ta tilasta wa da wanda ke alfahari da turnuƙe hanya da baƙin hayaƙi, yana ganin alamar ƙarfi ce, alhali man da ya saya ne ke fita bai ƙone ba. Tun watan Yuni na 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gas a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Wanda ke shaƙarsa shi ne ɗan kabu-kabun da ke bayanka a cunkoson ranar kasuwar Jega, da mai tallar da ke bakin titi, da yaran da ka ɗauko a bayan motar. Wannan haƙƙi ne da za a tambaye mu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yawancin masu kukan motarsu ba ta ja a fadama ba ƙarfin inji suka rasa ba. Na sha ganin direba ya kafe a laka yana ta taka totur, tayu na juyawa suna haƙa rami, bai taɓa sa motar a ƙaramar giyar fowil ba tunda ya fara tuƙa ta. Wannan giya a Hilux tana ninka ƙarfin da ke isa taya sau biyu da rabi, abin da babu wani rimaf a duniya da zai ba ka, kuma ka riga ka biya kuɗinta ranar da ka sayi motar. Rage iskar taya kafin shiga yashi, da sa tayu masu haƙora maimakon sulɓaɓɓu, da ajiye filtar mai ta biyu mai raba ruwa, da wanke lagireto kafin bazara, kowanne daga cikinsu ya fi ƙarin doki ashirin amfani ga mai aikin gona. Kuma a tuna cewa motar an yi ta ne ta ɗauki abin da bai wuce tan ɗaya ba, wato nauyin buhu goma masu kilo ɗari, har da direba da 'yan lodi a cikin lissafin. Mu kan ɗora fiye da haka, kowa ya sani. Idan aka ƙara wa inji ƙarfi, birki da sifirin da tayu suna nan yadda suke, sai motar da da nauyi ke hana ta gudu ta sami ikon yin gudun da ba za ta iya tsayawa daga gare shi ba idan shanu suka ratso titi a hanyar Bunza ko ta Koko.

Ga direbobin ma'aikatu da ƙungiyoyi, motar da ke hannunku amana ce, kuma taɓa ƙwaƙwalwarta ba da izinin mai ita ba na iya zubar da garantin kamfani idan sabuwa ce, ya kuma jawo gardama da kamfanin inshora ranar da aka yi haɗari. Ga dillalai da masu sayar da mota kuma, wanda ya san an yi wa motarsa wannan aiki ya gaya wa mai saye, ya haɗa masa da lissafin asali, domin ɓoye shi ɓoye aibi ne a ciniki, kuma mai sayen ba shi da hanyar ganewa da ido.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin kanikawa na Birnin Kebbi da Argungu da Yauri da Zuru da su san waɗanda ke yin wannan aiki a garejojinsu, su kafa musu sharaɗi ko da guda biyu ne: kada a rubuta komai sai an gwada lafiyar inji, kuma kada mota ta fita sai an damƙa wa mai ita kwafin lissafinta na asali da takardar abin da aka canja. Yaranmu masu kwamfuta suna da basira, kuma motocin da ke shigowa yanzu duk sai da su, don haka horo suke buƙata daga kwalejojin fasaha na jihar, ba kora ba. Ni kuma duk wanda ke kusa da Argungu yake shawarar yin aikin, ya zo mu loda motata mu hau gangaren fadama da rana tsaka, ya zauna a gaba ya kalli agogon zafin hayaƙin nan yadda yake tashi da zarar an taka, sa'annan ya yanke wa tasa hukunci.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani manomin shinkafa,
Argungu, jihar Kebbi.